Bishiyar Sutura a Gidajen Abuja: Yadda Ake Zaɓa, Dasawa, Kulawa da Cirewa

Tun da aka fara ɗora benaye a unguwanninmu na Kubwa, Lugbe, Dawaki da Gwarinpa, tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, a masallaci, a wurin ɗaurin aure, har a waya: maƙwabci ya yi bene, tagarsa na kallon tsakar gidana, iyali sun kasa sakewa, wace bishiya zan dasa? Wasu kuma tasu matsalar ta riga ta girma, bishiyar da suka dasa shekarun baya ce ke tsaga katanga, suna neman yadda za su rabu da ita. Zan bi aikin daki-daki yadda na koye shi, wani a hannun masu lambu, wani kuma da kuɗin aljihuna. Abin da nake so ka riƙe tun daga farko shi ne, filin da kake da shi ne ke zaɓar bishiya, ba kyawun ganyen da ka gani a bakin titi ba.

1. Fara da awo

Kafin ka je wurin masu sayar da furanni, samo doguwar gora, tef na awo da yaro ɗaya. Tsaya a daidai wurin da ake son a rufe, inda ake girki, shanya ko zaman yamma. Yaron ya tsaya jikin katanga da gorar a miƙe, ya riƙa ɗaga ta har sai kanta ya rufe maka saman tagar benen. Ɗaura tsumma a nan, ka auna. Wannan shi ne tsayin da kake buƙata. Mutane da yawa suna mamaki idan suka ga mita huɗu ko biyar ya wadatar, alhali suna shirin dasa abin da zai kai mita ashirin. Sa yaron ya matsa hagu da dama kuma, don ka san iyakar faɗin wurin. Sau da yawa ba duk katangar ce ke buƙatar bishiya ba, mita biyar ko shida ne kawai.

Sai awo na biyu, wanda ya fi na farko muhimmanci. Ɗauki takarda ka zana gidan, ka sa alamar sokawe da shadda, inda fayif ɗin ruwa da na bayi suka bi, bakin bohol ko rijiya, tankin ƙasa in akwai, da wayar lantarki ta sama da wadda aka binne. In ba kai ka gina gidan ba, kira mai gyaran famfo ya nuna maka. Rubuta tazarar kowanne daga wurin da kake son dasawa.

Hattara: in gidan haya kake, nemi izinin mai gida tukun. In rukunin gidaje ne mai shugabanni, tambaye su, domin wasu suna da ƙa'ida a kan abin da ake dasawa jikin katangar da aka yi tarayya a kanta.

2. Zaɓen bishiya

Nan ne ake yin kuskuren da ba ya bayyana sai bayan shekara biyar, don haka zan ɗan daɗe a kai.

In tsakanin katanga da gini bai wuce mita biyu zuwa uku ba, kamar yadda yawancin gidajen Abuja suke, bishiyar da ta fi dacewa ita ce wadda masu furanni ke kira maskared, wasu kuma su ce Ashoka. Asalinta daga Indiya ne. Tana miƙewa sama siririya, rassanta na zubowa ƙasa jikin gangarta, ba ta buɗe hannu ta shiga gidan maƙwabci, kuma ba ta tsiraita da hunturu. In ana ba ta ruwa, cikin shekara uku zuwa huɗu za ka fara ganin amfaninta. Ni ita nake ba wa mutum takwas cikin goma shawara. Aibinta biyu ne: tana zubar da busasshen ganye da ke buƙatar shara, kuma in an ƙyale ta za ta wuce tsayin da ake so.

In abin da kake son tarewa idon mai wucewa ne ta ƙofa ko ta gajeriyar katanga, ba ka ma buƙatar bishiya. Shinge ya isa. Duranta mai ganye rawaya-rawaya tana saurin cika, tana jure aski. Boganbiliya tana hawa katanga ta rufe ta da furanni, ga ƙaya da ke hana tsallake, amma tana son mai yi mata aski a kai a kai. Lalle ma yana yin shinge mai kyau, ga ƙamshin furensa da daddare, ga amfanin ganyensa ga matan gida.

Gora tana rufe wuri da sauri ƙwarai, sai dai gindinta na faɗaɗa kowace shekara, kuma tarin ganyen da ke ƙarƙashinta maɓoya ce ta macizai da kunamu in ba a sharewa. Mai fili babba ne zai iya da ita.

Ga waɗanda nake roƙon ka nisanta su daga gini. Na farko fikus, mai ƙananan ganye masu sheƙi da ake askewa kamar ƙwallo. Ɗan'uwan ceɗiya da durumi ne, kuma duk wanda ya taso a ƙauye ya san inda saiwar ceɗiya ke kaiwa. Ni kaina na taɓa dasa guda huɗu jikin katangar baya saboda mai sayarwa ya ce mini ba sa girma. Wata damina bayi ya daina tafiya. Da aka fasa siminti, sai ga saiwoyi farare sirara sun shiga ta mahaɗar fayif, sun cunkushe ciki kamar soson wanka, mai gyaran ya riƙa jawo su da hannu kamu-kamu. Kuɗin da na kashe a gyaran ya ninka kuɗin dashen sau ba adadi. Na biyu bishiyar turare: tana tsayi sosai, tana shan ruwa da yawa, kuma tana sakin manyan rassa ba gargaɗi. Na uku malaina: tana saurin girma, amma da rani takan zubar da ganye, wato a bar ka a fili daidai lokacin da ake zaman waje, ga 'ya'yanta da ke ruɓewa a ƙasa. Sai bishiyar nan mai rassa hawa-hawa kamar laima da ta cika wuraren ajiye motoci, wadda saiwarta ke bin saman ƙasa tana ɗaga intalok.

Dogon yaro da mangwaro bishiyoyi ne masu albarka, ba na kushe su. Amma suna son sarari. In ba za ka iya ba su tazarar mita takwas zuwa goma daga gini da sokawe ba, haƙura da su. Gwaiba ko lemo sun fi dacewa da ƙaramin gida in kana son abin ci, ko da yake ba za su rufe tagar bene ba.

Wata dabara: kafin ka yanke shawara, zagaya unguwa a watan Fabrairu, lokacin da hunturu ya gama aikinsa. Duk bishiyar da ka gani da ganyenta cif a lokacin, ita ce mai sutura. Duba kuma katangar da ke kusa da ita da ƙasan gindinta.

Hattara: in da ƙananan yara a gidan, kada ka yi shinge da bini-da-zugu, 'ya'yansa guba ne ga wanda ya ci. Ƙyarana, irin wadda ake kewaye gonaki da ita a ƙauyukan Filato, farin ruwanta na ƙona fata, kuma yana da haɗari ƙwarai in ya shiga ido.

3. Sayen dashe da lissafin kuɗi

Masu furanni suna nan a bakin manyan tituna da gefen rafuka a ko'ina cikin gari. Zagaya wuri uku kafin ka saya, ka kuma yi ciniki a kan adadi gaba ɗaya, ba ɗaya-ɗaya ba. Lissafin adadin mai sauƙi ne: maskared ana ba ta tazarar mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Katanga mai mita 12, in ka ba da mita 1.2, za ta ci dashe goma zuwa sha ɗaya. Ƙara biyu na ajiya saboda wanda zai mutu.

Kada ka biye wa mafi tsayi. Dashen da ya kai ƙugu ko ƙirji ya fi arha, ya fi saurin kamawa, kuma sau da yawa yakan cim ma dogon cikin shekara biyu. Ɗaga ledar ka duba ƙasanta. In saiwa ta huda leda ta shiga ƙasa har sai an fizge, ko ta nannaɗe kanta kamar gammo, ajiye shi ka ɗauki wani. Juya ganyen ka duba bayansa ko akwai farin ƙwaro mai kama da auduga.

A lissafinka ka sa kuɗin mota, ladan mai haƙa rami, taki, baƙar ƙasa in filin gidan jar tsakuwa ce ko ɓaraguzan gini, sannan ruwan rani na shekara biyu. Wannan na ƙarshen shi ake mantawa. Wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa ko tanka ya yi lissafinsa da kyau, domin yana iya fin kuɗin dashen.

4. Dasawa

Lokacinsa shi ne bayan damina ta zauna, wajen Mayu zuwa Yuni. Ruwan farko na Afrilu yaudara ce, yakan ɗauke mako biyu rana ta ƙone dashe. Kayan aiki: diga, shebur, baro, igiya da turaku don jeri ya miƙe, wuƙa, da bokiti.

Ja igiya aƙalla mita ɗaya daga katanga in maskared ce, in da hali mita ɗaya da rabi. Haƙa rami mai faɗin santimita 60 da zurfin 60. Ware ƙasar sama gefe guda, ta ƙasa gefe guda, ka tsince duwatsu, guntun bulo da siminti. Gauraya ƙasar saman da ruɓaɓɓen taki, kashi uku na ƙasa, kashi ɗaya na taki, ka mayar da wani cikin ramin ka danna. Yanka ledar da wuƙa ka cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Zaunar da dashen yadda wuyansa zai yi daidai da fuskar ƙasa, kamar yadda yake a leda. Cike, ka taka a hankali, ka yi masa ɗan kwano a kewaye, ka zuba ruwa bokiti guda ko da an yi ruwan sama ranar. Da yamma ake wannan aiki.

Hattara: ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara. Taki sai wanda ya huce, ya yi baƙi, ya daina wari. Kuma kada a binne wuyan dashe da zurfi, ruɓewa yake yi a hankali, mutum ya yi ta zargin mai sayarwa.

In wurin na da iska, kafa turke ka ɗaure da tsumma sako-sako, ba da waya ba. Bayan shekara guda a kwance. In za a shimfiɗa intalok ko siminti, a bar wa kowace bishiya fili buɗe aƙalla mita ɗaya.

5. Shekara biyun farko

Daga Nuwamba zuwa Afrilu ne gwajin. Ba dashe ruwa mai yawa sau biyu ko uku a mako, bokiti guda kowanne, da sassafe ko da yamma. Yayyafin kullum da maigadi ke yi da tiyo ba ya ratsa ƙasa, sai ya koya wa saiwa zama a sama, kuma saiwar sama ita ce mai ɗaga siminti daga baya. Ruwan alwala da na ɗaurayar kayan miya duk suna da amfani. Ruwan wanki mai bilic kuwa a kai shi kwata.

Shimfiɗa busasshiyar ciyawa ko ganye a kewayen gindi don riƙe danshi, amma ka bar tazarar tafin hannu daga jikin bishiyar. Duk mako ka duba ko gara ta fara ɗora ƙasa a jiki. In ka gani, kankare, ka ƙara ruwa, domin gara ta fi kama dashen da ƙishi ya raunana. In ta yi yawa, sayi maganinta a shagon kayan noma, ka bi abin da aka rubuta a jikin kwalba, ka hana yara da kaji zuwa wurin. Farin ƙwaron nan mai kama da auduga kuwa, ruwan sabulu mara ƙarfi da ake fesawa da yamma yakan rage shi. Taki sau ɗaya a farkon damina ya isa.

6. Aski da sassabe

Ka tuna tsumman da ka ɗaura a gora? Da maskared ta wuce wannan tsayi da kamar rabin mita, a yanke kanta, a riƙa maimaitawa duk shekara. Yin haka tun ana iya kaiwa da tsani abu ne mai sauƙi. In ta kai mita goma sha, sai an ɗauko mai hawa. Kada a datse mata rassan ƙasa don a ga gangar jiki, su ne suturar. Shinge kuma a aske shi ƙasa ya fi sama faɗi kaɗan, don rana ta samu gindin, in ba haka ba ƙasan zai zama ƙarare tsirara.

Manyan bishiyoyi a rage musu nauyi a ƙarshen rani, kafin guguwar farkon damina, wadda duk mazaunin Abuja ya san yadda take kwashe rufi da allunan talla. Reshe mai kauri ana yanka shi sau uku: ɗan tsagi daga ƙasa, kamar taƙi biyu daga gangar jiki, sai a yanke daga sama gaba da tsagin kaɗan har ya faɗi, sannan a gyara guntun da ya rage kusa da jiki ba tare da an shafe kumburin gindin reshen ba. Wanda ya sare da adda sau ɗaya daga sama, reshen zai ɓare ɓawo ya bar rauni, ta nan ruɓa ke shiga. In ka ga kauci ya kama reshe, yanke reshen tun bai yaɗu ba.

Hattara: reshen da ya kwanta a kan katanga tsani ne ga ɓarawo, kuma yana taɓa wayar tsaro ya sa ƙararrawa kuka cikin dare. Reshen da ya leƙa gidan maƙwabci kuwa, kada ka jira maƙwabcin ya yi magana. Je ka same shi: “Alhaji, na ga reshen nan yana zuba muku ganye, in kun ba da izini yara su shigo ranar Asabar su rage.” Da wuya ka ji abin da ba godiya ba.

7. Yaushe za a cire?

Alamomin su ne: bishiya ta fara karkata alhali da a miƙe take, ƙasa ta kumbura ko ta tsage a ɓangaren da ta baro, naman kaza na fitowa a gindi, kogo a jiki, saman ya bushe, katanga ta tsage daidai saitinta, ko bayi na toshewa a kai a kai. Biyun farko na gaggawa ne, musamman da damina. Wasu sukan ce a datse saiwar da ke ɓarna kawai a bar bishiyar. Yana yiwuwa in saiwar siririya ce kuma nesa da gindi. Amma sare manyan saiwoyi a gefe ɗaya kamar cire wa kujera ƙafa ne, iska ta gaba za ta kayar da ita.

8. Cirewa

Da farko izini. Bishiyar da ke wajen katangarka, a bakin titi ko filin gwamnati, ba taka ba ce ko da kai ka dasa. Tuntuɓi sashen kula da lambuna da wuraren shaƙatawa na hukumar birnin tarayya kafin a taɓa ta. In rassa na kusa da wayar lantarki, sanar da ofishin AEDC, wato kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, na yankinku a kashe layin. Ɗanyen reshe na ɗaukar wuta, kuma tsanin ƙarfe a kusa da waya ajali ne.

Abin da bai fi tsayin mutum biyu ba, kai da mai taimako za ku iya da zarto, gatari da igiya. Abin da ya wuce haka, nemo mai injin yankan itace wanda ka ga aikinsa ko wani ya shaide shi. Ku yi magana a fili kafin ya tayar da inji: kuɗin ya haɗa da man inji? Wa zai kwashe rassa? Da tonon kututture ko babu? In katanga ko rufi ya lalace, wa zai gyara? Farashi na hawa ne da kaurin bishiya, tsayinta da ƙuncin wuri. Kada ka biya duka sai an gama. In itacen na da yawa, masu sayar da itacen girki ko masu gidan burodi sukan saya, ko su kwashe a rage maka kuɗin mota.

A fitar da motoci, a shigar da yara ɗaki, a sanar da maƙwabta. A cikin gida ba a kayar da bishiya ɗungurungum. Mai hawa ya ɗaure kansa da igiya, ya fara da rassan ƙasa ya yi sama, kowane babban reshe a ɗaure shi a sauke a hankali. Sai a riƙa gutsure gangar jiki daga sama, mita ɗaya-ɗaya. In akwai sararin kayar da ragowar, a yi tsagi mai kama da baki a gefen da ake son ta faɗa, zurfin kamar kashi ɗaya cikin huɗu na kaurinta, sannan a yanka daga baya, sama da tsagin kaɗan, a bar ɗan tsakiya da zai riƙe ta ya juya ta. Masu jan igiya su tsaya nesa fiye da tsayin abin da zai faɗi. Ba a wannan aiki ranar iska ko hadari, kuma ba a yin sa gab da magariba.

9. Kututture

Dogon yaro, malaina, turare da fikus duk suna sake toho daga kututture, wani lokaci da ƙarfi fiye da da. In za a tone, ce wa mai inji ya bar kamar mita ɗaya a tsaye, don a samu abin kamawa a girgiza. A jiƙa ƙasar kwana guda, a haƙa kewaye da diga, a datse saiwoyi da gatari ɗaya bayan ɗaya, a tura. Saiwar da ta shige ƙarƙashin katanga a yanke ta a bar ta a can, kada a ja.

In tono zai taɓa harsashin gini ko fayif, a yanke kututturen daidai ƙasa, a shafa maganin kashe ciyawa mai gilaifoset a kewayen yankan kusa da ɓawo nan take, tun yana ɗanye, da safar hannu. Wanda ba ya son magani ya rufe shi da baƙar leda mai kauri, ya danne da duwatsu, ya riƙa karye duk tohon da ya leƙo har ya gaji ya mutu.

Hattara: kada a cinna wa kututture wuta kusa da gini. Wuta na bin saiwa a ƙarƙashin ƙasa kwana da kwanaki, tana narka fayif. Baƙin mai da gishiri kuma suna kashe ƙasar, baƙin man ma yana iya gangarawa rijiya.

Ramin da ya rage a cike shi da ƙasa ana dannawa hawa-hawa, a ɗan tudunta shi, domin zai zauna yayin da ragowar saiwoyi ke ruɓewa. Bari damina ɗaya ta wuce a kansa kafin a shimfiɗa intalok, a kuma riƙa duba wurin saboda gara, tana son mataccen itace, daga nan kuma takan nemi hanyar ƙofofi da silin. In za ka sake dasa wata, matsa aƙalla mita ɗaya daga tsohon gurbin, ka kawo sabuwar ƙasa.